ZAUREN MALAM: Kurwar Mota

Wasiƙun da kuka aiko a kan maganar kuɗin makaranta sun iso, amma a yi mana haƙuri har wata mai zuwa, don yau gareji za mu shiga.

Ranar Litinin da ta wuce muna tsaye a mararrabar Dugoi muna jiran mai babur, sai ga wata mota ta taso tana wani irin kuka, ƙiiii, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Mai motar ko a jikinsa, ya ƙara wa rediyo murya ya wuce. Mu kuwa sai gabanmu ya faɗi, domin mun san kukan nan, mun kuma san inda ya taɓa kai mu.

Abin da ke kukan wata igiya ce ta roba a gaban inji. 'Yan'uwanmu na Nijeriya suna ce mata fambel. Kanikawanmu na Marwa da Garwa kuwa, da yake da Faransanci suka koyi sana'a, kalmar Faransawa suke faɗa, wadda a kunnen Bahaushe take fita kamar "kurwa". Ba mu ga laifin wannan suna ba, za ku ga dalili.

A cikin azumin 1444, watau Afrilun 2023, wani abokin aikinmu ya roƙe mu mu raka shi Garwa, zai kai mahaifinsa ganin likita. Motar tasa ta hannu ce, shekara shida yana zubin adashi kafin ya same ta. Muka bar Dugoi bayan sallar asuba. Da ya tada ta sai ta yi kukan nan, tsohon ya ce, "Kai, Malam, me take faɗa haka?" Ɗan ya ce, "Ba kome Baba, sanyin safiya ne, in ta yi ɗumi za ta bari." Ta kuwa bari. Muka wuce Salak, muka wuce Muturwa, rana ta fara ɗagawa. Kafin mu kai Figil sai muka ji wani abu ya yi fat a gaba, kamar an kaɗa bulala. Jar fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, iskar sanyi ta koma ta zafi. Nan ne muka yi kuskuren da ya fi na farko, don sai muka ce ai Figil ba nisa, a lallaɓa a ƙarasa. Ba mu yi minti goma ba allurar zafi ta kai ƙarshe, tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet, inji ya mutu da kansa. Ga mu a bakin titi da dattijo marar lafiya, ga azumi, ga ranar Afrilu wadda a ƙasar nan ba ta rasa kaiwa digiri 40. Sai bayan azahar muka samu motar haya mai gurbi ta ɗauki tsohon da ɗansa, mu muka zauna gadin mota har la'asar. Ganin likita kuwa ya wuce, sai da aka sake ba su wata rana bayan mako uku.

To, me ya sa igiya guda ta yi wannan ɓarna duka? Waɗanda suka san tuƙi tun zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, sun saba da siririn fambel mai kaifin ciki, wanda ke zama cikin tsaga ɗaya. Motocin wancan zamani sukan ɗauki irinsa biyu ko uku, kowanne da aikinsa, in ɗaya ya tsinke saura na nan. Tsofaffin direbobin hanyar Mubi har labari suke bayarwa na yadda sukan murɗa igiya su ɗaura ta kai su gari na gaba. Motocin yanzu ba haka suke ba. Fambel ɗaya ne, mai faɗi, dogo, yana lanƙwasa kamar maciji a tsakanin ƙananan ƙafafun ƙarfe da kanikawa ke kira fuli. Shi ke juya altaneta mai cika batir, shi ke juya famfon man sitiyari, shi ke juya na'urar sanyi, a motoci da yawa kuma shi ne ke juya famfon ruwan da ke zagaya inji da lagireto. Cikinsa yana aiki, bayansa ma yana aiki, don haka maganar murɗa igiya ba ta taso ba. In ya tsinke duk sun tsaya a lokaci guda. Ruwa kuwa in ya bar zagayawa, kan inji na alminiyam yakan lanƙwashe cikin 'yan mintoci, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Abin da ya samu motar abokinmu ke nan.

Kada a rikita shi da ɗaya fambel ɗin mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi, wanda ke daidaita bugun inji. Wancan wani zance ne, ɓarnarsa ma ta fi wannan. Na yau shi ne wanda kowa ke gani da zarar ya ɗaga bonet.

Asalin abin daga Amurka yake. Kamfanin Gates na birnin Denba shi ya fito da siririn fambel a 1917, kuma a kamfanin ne wani injiniya, Jim Vance, ya tsara wannan mai lanƙwasa a 1974. Motar Ford Mustang ta 1979 ita aka fara sa wa. Daga nan ya bazu, yanzu da wuya ka ɗaga bonet ɗin motar da aka ƙera cikin shekara 25 da suka wuce ba ka gan shi ba.

Da yake hali zanen dutse ne, bayan mun dawo sai da muka mai da abin lissafi muka ba yaran aji shida. In fulin da ke jan fambel yana da faɗin santimita 15, zagayensa santimita 47 ke nan. In inji na juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a kan babbar hanya, fambel yana gudun mita 1,400 da 'yan kai a kowane minti. In tsawonsa mita 1.88 ne, zai zagayo sau 750 a minti, sau 45,000 a awa. Daga Marwa zuwa Garwa kilomita 200 ne da ɗoriya, a ce awa huɗu saboda ramuka, ya zagayo sau 180,000, kuma a kowane zagaye sai ya lanƙwashe gaba da baya a kan fuli shida ko bakwai. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ba ya gajiya?" Muka ce ai shi ne darasin.

Masu ƙera shi suna cewa irin na yanzu yakan kai kilomita 150,000 ko kusa da haka, na da kuwa wajen 80,000 zuwa 100,000. Amma fa mu kada mu riƙe wannan lissafi da hannu biyu. Na farko, ba a ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana aka auna shi ba. Tsakuwa da yashi suna shiga tsagoginsa suna ci kamar zarto, da damina kuma duk wanda ya ratsa ruwan da ke malalowa daga Mayo Kaliyawo ya san abin da ke fantsama ƙarƙashin mota. Na biyu, agogon kilomita ba ya ƙirga lokacin da mota ke tsaye inji na aiki, alhali fambel yana ta gudu. Na uku, motocinmu yawancinsu sun tsufa a Turai kafin su sauka a Duwala ko Kwatano, kuma ba kowane agogo ne ke faɗin gaskiya ba. Ido da kunne sun fi agogo.

A nan ne akwai abin da har wasu tsofaffin kanikawa ba su lura ya sake ba. Robar da, in ta tsufa, takan tsattsage, kowa ya gani. Ƙa'idar kuwa ita ce in ka ƙirga tsaga uku ko fiye a tsawon yatsa guda, lokaci ya yi. Tun wajen shekarar 2000 aka koma wata irin roba, EPDM, mai jure zafi, wadda ba ta cika tsagewa ba, sai dai ta ƙare a hankali kamar taya. Cikin fambel yana da kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa. In sabo ne kunyoyin suna da kauri, kwarin da ke tsakaninsu matsattse ne. In ya ci, kunyoyin sun rame, kwarin ya buɗe ya yi zurfi, sai fambel ya zauna a kan ƙarfe yana santsi, ba ya kamawa. Bakanike ya duba ya ce, "Alhaji, ai babu ko tsaga ɗaya, yana da saura," alhali kuwa ya gama. Don haka a kashe inji, a zare makulli, a juyo cikinsa a duba da fitila. In yana ƙyalli kamar an goge shi da mai, ko gefensa ya fara fitar da zare, ko wata kunya ta ɓantare, ko kwarin ya yi faɗi, a canja. A kuma duba ko baƙin mai na ɗiga a kansa daga gaban inji, don wannan roba ba ta shiri da mai ko kaɗan. In ba a toshe yoyon ba, sabon ma ba zai yi ƙarko ba.

Sa'an nan maganar kuka. Mun ga ana goga sabulu, mun ga kyandir, mun ga man birki, har baƙin mai mun ga wani yaron gareji ya ɗiga, kuka ya ɗauke, mai mota ya ba shi na goro ya tafi yana murna. Wannan kamar a toshe bakin yaro ne mai zazzaɓi a ce ya warke. Kukan santsi ne, mai kuwa santsin yake ƙarawa, ya kuma cinye robar. Gwajin da ya halatta shi ne na ruwa. Inji na aiki, a yayyafa ruwa kaɗan a cikin fambel. In kukan ya ƙaru, ɗaurin ne ya saki. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, akwai fulin da ya karkace daga layi. Amma muna roƙo da babbar murya, kada wanda ya sunkuya a kan inji mai aiki da babbar riga, ko da rawani, ko da carbi a hannu. Abin da ke gudun mita 1,400 a minti ba ya jiran a janye hannun riga.

Ɗaurin nan ba da hannu ake yinsa ba a yawancin motocin yanzu. Akwai wani hannun ƙarfe mai sifirin a ciki da fuli a bakinsa, shi ke matse fambel kullum. Shi ma yana tsufa. In an cire fambel, a juya fulinsa da sauran fulin banza da hannu, in an ji gurnani ko girgiza, boris ya mutu, kuma boris ɗin da ya cije yana iya tsinka sabon fambel a rana ɗaya. Da bakanike ya buɗe motar abokinmu, abin da ya tarar ke nan. Kafin a cire kuma, a ɗauki hoton yadda ya lanƙwashe da wayar hannu, don mun taɓa ganin mutum uku sun kwashe awa suna gardamar ta ina ya bi.

Saura saye. Muna 'yan makaranta aka rage albashin iyayenmu a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan gyara na kanti suka fi ƙarfin ma'aikaci. Tun daga nan muka saba da kayan hannu da waɗanda ke shigowa ta Mubi da Banki, har rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Banki da Amcide a 2014 na tsawon shekaru, kaya suka riƙa zagaye, tsada ta ƙaru. Ba mu raina kayan hannu, su suka riƙe mu. Altaneta ta hannu tana iya fin sabuwar jabu. Amma roba ta hannu, wannan kam a'a, domin wanda ya cire ta a can ba don tana da kyau ya cire ba. Sababbin ma a yi hattara, don masu jabu sun iya buga sunayen manyan kamfanoni irin su Gates da Bando da Dayco a kwali. A je wurin mai shagon da zai ji kunyarka in ka dawo, a kuma tafi da tsohon a gwada. A bayan fambel akwai lamba, misali 6PK1880. Shidan nan yawan kunyoyi ne, 1880 kuwa tsawonsa ne da milimita. In mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan mai biyar ne amma zai shiga," shiga kam zai shiga. Ka ce masa mai shida kake so.

Mu dai abin da muke yi wa tamu tsohuwar motar tun daga ranar nan shi ne, ba mu jira ya tsinke. Mun canja, mun naɗe tsohon a jarida mun ajiye a but tare da sifanar da ta dace da hannun matsin, don bakanike ana samu a kowane ƙauye na bakin titi, amma fambel daidai da motarka ba kullum ba. In kuwa ƙaddara ta faɗa a hanya, jar fitilar batir ta kama tare da nauyin sitiyari, a gangara gefe a kashe inji nan take, ko da ana hango gari. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi.

Motar abokinmu ta kwana wata biyar a gareji kafin ya haɗa kuɗin kan inji da gaskit da aikin bakanike, abin da ya haura albashinsa na wata biyu. Fambel da boris ɗin da suka jawo haka kuwa, kuɗinsu bai kai na buhun masara biyu ba. Tsohon ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma har yau in za a je Garwa, cewa yake a kai shi tasha.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan wasiƙunku.