Ra'ayinmu: Daga Bakin Teku Zuwa Bayan Loko

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san yadda ake aika saƙo gida a da. Ko dai mutum ya je wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, ko kuwa ya tafi tasha ya damƙa wa direba takarda da 'yan kuɗi, sa'an nan ya zauna jiran amsa mako biyu ko uku. Yau kuwa mai gadi a Apapa yana ganin fuskar mahaifiyarsa a Kagoro ta wayar hannu. Intanet ce ta kawo wannan sauƙi, saboda haka ya kamata mu san inda ta fito da kuma inda ta tsaya.

A shekarar 1969 ne aka fara haɗa kwamfutocin cibiyoyin bincike huɗu a Amurka, da kuɗin ma'aikatar tsaron ƙasar, don su riƙa musayar bayani. A 1983 aka sa su bisa ƙa'idar magana guda ɗaya, yadda kowace kwamfuta za ta fahimci 'yar'uwarta. A 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar CERN kusa da Janiba, ya ƙago tsarin shafukan da muke buɗewa yanzu.

A ƙasarmu kuwa, sai a 1996 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ba kamfanoni lasisin sayar da intanet, a 2001 kuma wayar salula ta shigo. Amma ga abin lura. Manyan wayoyin da ke ɗauko intanet daga ƙasashen waje ta ƙarƙashin teku suke biyowa, kuma a nan Ikko akasarinsu suka sauka: SAT-3 da ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 a 2010, Equiano a 2022. Watau mu mazauna Kudu a bakin rijiya muke zaune, 'yan'uwanmu na gida kuwa sai abin da guga ya kai musu.

Mutanen Kafanchan ba su zauna jiran guga ba. Garin dama ya saba da haɗa nesa da kusa, gama tun 1927 ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal da Inugu ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos. A unguwar Bayan Loko, wadda ta samo sunanta daga rumfar gyaran kawunan jirgi, Gidauniyar Fantsuam ta yi mazauni. An kafa ta a 1996, Dokta John Dada na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma da ba mata ƙananan rance ta soma. Daga nan ta shiga koya wa mata da matasa aiki da kwamfuta, har cibiyarta ta Bayan Loko ta ci kyautar Hafkin ta Afirka a 2001. Wajen 2007, da taimakon hukumar IDRC ta Kanada, ta jawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ta kafa dogon turke, ta riƙa rarraba ta ga makarantu da asibitoci da ofisoshin yankin ba tare da shimfiɗa waya ba. Sunan wannan aiki Zittnet.

Ba a banza aka samu ba. Kuɗin tauraron ɗan Adam da tsada, wutar NEPA ba tabbas, sai da aka haɗa da batura da hasken rana. Duk da haka an nuna cewa yaran karkara na iya kafa na'ura, su gyara ta, su kuma koya wa wasu.

To, me ya sa muke tuna wannan yanzu? Domin intanet ta tashi daga abin ƙawa ta zama abin dole. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yaron da bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an kayar da shi tun bai shiga zaure ba. Manomin citta a Kachia ko Kwoi da bai san farashin Ikko ba, abin da dillali ya faɗa shi zai karɓa. Kuɗin da muke turawa gida kuwa, in babu sabis, a waya suke maƙalewa, mara lafiya yana kwance. Wanda ya tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, ya san zafin wannan. Ga shi kuma a farkon 2025 NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 bisa 100.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman don kai sadarwa inda kamfanoni ba su ga riba ba. A fito fili a gaya wa jama'a ƙauyuka nawa aka kai wa, da sunayensu. Gwamnatin Jihar Kaduna ta kyauta da ta yafe harajin shimfiɗa wayar intanet a 2020, saura ta matsa wa kamfanoni kada wayar ta tsaya a Kaduna da Zariya kaɗai.

Kira na ƙarshe namu ne, mu 'yan ci-rani. Kusan kowane gari yana da ƙungiyarsa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, kuma muna tara kuɗi don biki da rasuwa. Me zai hana a ware wani abu a saya wa makarantar garinmu kwamfuta goma da faifan hasken rana, a biya malami ɗaya, a naɗa amintattu biyu su riƙa duba kayan suna kawo rahoto? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ƙaramar ƙungiya ta iya a Bayan Loko tun intanet tana da tsadar zinariya, ba mu da hujjar cewa mu ba za mu iya ba.