Gwanjon Kwastam ta intanet: Tarkon yana cikin saƙon da ke biyo bayan tayi

Duk wanda ya saba cinikin kifi a Yelwa ko a kasuwar Wara ya san ƙa'ida: a ga kaya, a taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, sannan kuɗi su fito. Gwanjon intanet ya zo da wani tsari daban. Ba a ganin dillali, ba a taɓa kaya, sai dai saƙo ya shigo waya. A wannan saƙon ne 'yan damfara suke kafa tarkonsu.

Hukumar Kwastam ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a shekarar 2017, zamanin Kanar Hameed Ali mai ritaya, sannan ta sake buɗe shi da sabon shafi a Janairun 2024 ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Mai son shiga sai yana da lambar haraji ta TIN da adireshin imel mai aiki. Ga ɗan kasuwar Ngaski ko manomin shinkafa a Shanga wannan sauƙi ne babba, domin yana iya taya mota ba tare da ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Birnin Kebbi ba, balle Legas. Sai dai hukumar ta sha fitar da gargaɗi kan masu buɗe shafukan bogi da sunanta da hotunan manyan jami'anta suna tallan gwanjon ƙarya.

Saƙon yakan zo da tambarin Kwastam tsaf. Wani ya ce mutum ya yi nasara, ya biya kafin alƙalami cikin 'yan sa'o'i ko a ba wani. Wani ya ce za a rufe masa rajista idan bai danna wani shuɗin rubutu ya sake shigar da lambar sirrinsa ba. Mafi hatsari shi ne wanda ke zuwa wa mutumin da aka kayar a tayi, a ce masa wanda ya ci ya kasa biya, yanzu kaya nasa ne a farashin da ya taya. Dabarar tsohuwa ce. Masu sayayya a eBay a Amurka da Ingila sun daɗe suna fama da ita, domin kamfanin yana da irin wannan tayin na biyu da gaske, sai ɓarayi suka riƙa kwaikwayonsa. Wanda mota ta kuɓuce masa jiya, yau aka ce ta dawo, da wuya ya tsaya bincike.

A waya abin ya fi muni. Manhajar imel sunan mai aiko da saƙo kawai take nunawa, kuma suna kowa na iya rubuta wanda ya ga dama. Sai an taɓa sunan kafin ainihin adireshin ya bayyana. Adireshin hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa. Idan aka ga Gmail ko Yahoo, ko an saka kalmar gov a tsakiya amma ƙarshen .com ne, magana ta ƙare. Haka idan lambar asusun da aka turo ta fito da sunan wani mutum a Opay ko Moniepoint. Kuɗin gwamnati ba sa shiga asusun mutum ɗaya, komai girman muƙaminsa.

Amma duba adireshi ba ya wadatarwa, tunda akwai gwanayen da harafi ɗaya kawai suke sauyawa. Abin da ya fi tsare mutum shi ne kada ya shiga gwanjo ta ƙofar da saƙo ya buɗe masa. Ya rufe saƙon, ya rubuta adireshin shafin da hannunsa, ya shiga rajistarsa. Idan ya ci, a can zai gani.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba. Mutane da yawa a garuruwan gaɓar tafkin Kainji ba su suka buɗe wa kansu imel ba. Yaron shagon kwamfuta ne ya buɗe, shi ya zaɓi lambar sirri, wani lokaci ma da lambar wayarsa. Ko yaron mai amana ne, mai rajistar ba ya karanta Turanci, don haka duk abin da aka fassara masa shi ne gaskiya. Gargaɗin da ake rubutawa da Turanci a Abuja a liƙa a Facebook ba ya isa ga irin wannan mutum.

Nan ne alhaki ya hau kan Kwastam reshen Kebbi. Jami'anta sun san hanyar Yauri da mashigan ruwanta sarai idan kama kaya za a yi. Ya kamata su san ta kuma lokacin sayarwa: sanarwa da Hausa a rediyo kafin kowane gwanjo, da zama da shugabannin 'yan kasuwa da masu shagunan kwamfuta, a nuna musu shafin gaskiya a kan waya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kuwa, kunya ba za ta dawo masa da su ba. Ya kira bankinsa nan take, ya sauya lambar sirrin imel ɗinsa, kada ya goge saƙon ko shaidar biya. Ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato ne ke kula da Kebbi.