Ba Takardar Shaida Ce Ke Kafa Kamfanin Tufafi Ba

Duk wanda ya zaga kasuwar Wuse ko ta Garki a Abuja gab da Sallah, zai tarar da teloli sun duƙufa a kan keke har tsakar dare. Akasarinsu ba su taɓa shiga ajin koyon zanen tufafi ba. A hannun ubangida suka koya, tun daga guga da sa maɓalli har zuwa yanka. A 'yan shekarun nan kuwa, matasa da yawa, musamman mata, sun fara liƙa sunayensu a wuyan riga suna tallatawa a Instagram. Abin tambaya shi ne, ko rashin takardar makaranta zai hana irin waɗannan kafa kamfani mai ɗorewa?

Tarihin sana'ar ya nuna ba haka ba ne. Folake Coker, wadda ta kafa Tiffany Amber a Legas a 1998, aikin lauya ta karanta. Haka ma Lisa Folawiyo da ta fara nata a 2005. A Amurka, Ralph Lauren da sayar da laktaye ya fara a 1967, ba tare da ya yi makarantar zane ba.

Abin da ke karya sababbin shiga shi ne rashin gane bambancin tela da mai kamfani. Shi tela, mai kaya ne ke kawo masa yadi, ya auna shi, ya kuma karɓi kafin alƙalami. Mai kamfani kuwa da kuɗinsa yake sayen yadi, ya ɗinka tun kafin mai saye ya zo, idan kaya suka yi kwantai asarar a wuyansa take. Saboda haka ilmin da ya fi bukata shi ne na lissafi: nawa kowace riga ta ci, idan aka haɗa yadi da zare da ladan ma'aikata da haya da man janareta.

Wannan lissafi ya ƙara tsanani. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi sahunta. Yawancin yadin da ake sarowa daga Kantin Kwari na Kano a yau daga ƙasashen waje yake zuwa, don haka farashinsa na bin dala. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni, sun ɗaga kuɗin komai. Ga kuma hayar shago a Abuja da ake biya ta shekara guda a dunƙule. Wanda ya yanke farashi da ka, yana iya cinye jarinsa yana zaton riba yake ci.

Akwai kuma batun awo, domin rigar da ba a auna mai ita ba dole girmanta ya zama bai ɗaya a kowane ɗinki. Sannan rajistar suna a hukumar CAC daban take da rajistar tambari, wadda ake yi a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari. Wanda ya tsaya a ta farko kawai, wani na iya riga shi mallakar tambarinsa.

Kamata ya yi hukumomi irin su NDE da ITF da SMEDAN su rage dogaro da rabon kekunan ɗinki a wuraren bukukuwa, su mai da hankali ga koyar da ajiye littafin ciniki da tsara awo. Ita ma hukumar NBTE ya dace ta faɗaɗa shirinta na tantance ƙwarewar waɗanda suka koyi sana'a a hannu, domin su samu abin nunawa a gaban banki. Hannun iya ɗinki dai akwai shi a Abuja, saura a koya masa riƙon alƙalamin lissafi.