Ranar da na ƙi aikin Yamai

Wani watan Fabrairu aka kira ni ta waya daga Yamai. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke neman mai kula da shirin karatun yara, albashin kuwa ya ninka nawa sau uku. Sharaɗinsu ɗaya, in kama aiki cikin mako biyu. A lokacin ni kaɗai ke koyar da lissafi a wata CEG ta karkarar Maraɗi, saura kimanin wata huɗu ɗalibaina su zauna jarrabawar BEPC. Na san in na tafi, da wuya a turo wani kafin hutu.

Mun yi kwana uku muna addu'a ni da uwargida, na kuma shawarci fastonmu, sannan na ce a'a. Da kawuna ya ji, cewa ya yi: "Ɗana, ina ka taɓa ganin an miƙa wa mai yunwa akushi ya ce ya ƙoshi?"

Tambayarsa da gaskiya a ciki, amma ni Kirista ne, kuma Littafi Mai Tsarki ya koya mini ba duk abin da aka miƙo wa mutum ne rabonsa ba. A Farawa sura 13, Ibrahim ya bar wa Lutu zaɓi. Lutu ya hangi dausayin kwarin Urdun ya ɗauka, ƙarshenta ya tsinci kansa a Saduma. A sura 14 kuma sarkin Saduma ya yi wa Ibrahim tayin dukiya, ya ƙi karɓar ko zare, don kada sarkin ya ce shi ya arzuta shi.

Kada ku zaci daga baya wani babban aiki ya zo mini. Bai zo ba. Har yau tsohon babur ɗina nake hawa, kuma ranar da ƴata ta kwanta asibiti, albashin Yamai ya faɗo mini a rai. Dogara ga Allah ba ciniki ba ne da za ka ajiye jikka ɗaya yau ka karɓi goma gobe.

Ba kuma mafakar ragwanci ba ne. A Matiyu sura 25, an tsauta wa bawan da ya binne kuɗin maigidansa saboda tsoro. Da a watan Yuli, bayan jarrabawa, aka yi mini kiran nan, da na tafi da farin ciki. Abin dubawa shi ne wanda zai ɗauki asarar in ka karɓa. A nawa lamarin, yaran da aka ba ni amana ne.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, kullum muna gaya wa yara kada su bar dama ta wuce su. Mu ƙara musu da cewa akwai damar da barinta ya fi, kuma Allahn da ya ciyar da su jiya yana nan. Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa ya ƙi wani abu saboda amana ba, ranar da aka yi masa tayin sayen takardar jarrabawa, da wane baki zai ce a'a?