RA'AYINMU: Haƙƙin Yaron Da Jikinsa Ba Ya Karɓar Wani Abinci

A gidajenmu na Sabo a Ibadan da Shagamu, da Agege da Idi-Araba a Legas, da Ama Hausa a Owerri, akwai yaran da loma ɗaya ta wani abinci kan iya jefa rayuwarsu cikin haɗari. Da sun ci gyaɗa, ko ƙwai, ko madara, ko kifi, ko jatan lande, sai jiki ya tashi da borin jini, leɓe da fuska su kumbura, wani ya kama amai, wani kuma numfashinsa ya sarƙe. Abin takaici, sau da yawa akan ce tsirfa ce irin ta yaran zamani, ko a ce sammu ne ko iska, a tafi neman rubutu da hayaƙi alhali asibiti ya kamata a nufa.

Likitoci sun bayyana cewa garkuwar jikin yaron ce ke ɗaukar abincin a matsayin abokin gaba, ta tasam masa da yaƙi. Mafi munin nau'insa kan zo cikin 'yan mintuna, ya toshe maƙogwaro, ya sa bugun jini ya faɗi. Maganinsa na gaggawa allurar adirenalin ce, wadda ake yi a gefen cinya. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi, amma ba ta buɗe hanyar numfashi, man ja da ake ɗura wa yara kuwa ba magani ba ne.

Zamanmu a Kudu ya ƙara wa lamarin nauyi. Abincinmu na gado cike yake da gyaɗa: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kunun gyaɗa, kilishi. Maƙwabtanmu kuwa da wuya su ɗora miya ba su daka jatan lande a ciki ba, kuma ba a ganinsa da ido. Yaronmu yana cin na gida, yana cin na masu sayar da abinci a makaranta, ga kuma bambancin harshe da kan hana uwa yi wa malama cikakken bayani.

Ya kamata iyaye su sani cewa neman kariya ga irin wannan yaro ba roƙon alfarma ba ne. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta mayar da ita dokarta a 2007, ta ce maslahar yaro ce kan gaba a duk abin da ya shafe shi. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Kasancewarmu baƙi a gari bai rage wa 'ya'yanmu komai ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su kai yaro wurin likita a tabbatar da abincin da ke tayar masa da ciwon, maimakon a hana shi komai da komai har ya rame. A karɓi takardar likita, a kai wa shugaban makarantar boko da malamin Islamiyya kowa nasa kwafi, a bar musu lambar waya. A riƙa duba jerin kayan haɗi a jikin biskit da alewa, tare da lambar hukumar NAFDAC. A koya wa yaron ya ce "ba na cin wannan" da Hausa da Turanci da harshen garin. Iyaye maza kuma su daina ƙaurace wa taron iyaye da malamai, domin a can ake yanke shawarar wanda zai sayar da abinci a makaranta.

Ga kakanni da gwaggwanni da maƙwabta, muna roƙo da girmamawa: idan uwa ta ce kada a ba ɗanta wani abu, ba rowa ko raini ba ne. A daina cewa "ɗan kaɗan ba zai yi komai ba", a daina ba shi a ɓoye wai don ya saba. A wuraren suna da biki da walima, a tambaya kafin a miƙa wa yaron wani abin ci. Cokali ɗaya da aka juya tukunya biyu da shi ya isa ya ta da ciwon.

Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin mata su ɗauki wannan batu a tarukansu, su tanadi wanda zai raka iyaye makaranta ko asibiti don yin tafinta idan bukata ta taso. Duk wanda ya ga yaro yana kumburi da sarƙewar numfashi bayan cin abinci, ya garzaya da shi asibiti mafi kusa nan take, ko ya kira lambar gaggawa ta 112, kada a tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana.