Wasan kwamfuta ya shiga aji, amma da sharaɗi

A watan Agusta na shekara ta 2016 wata lise ta gwamnati mai suna Garnes, a birnin Bergen na ƙasar Norbej, ta sa gasar wasannin kwamfuta cikin jerin darussanta. Wannan gasa, wadda Turawa ke kira e-sport, ita ce inda ƙungiya biyu ke karawa ta allon kwamfuta, da alƙali da ƙa'idoji, wani lokaci har da ƴan kallo cike da zaure. Uban da ke fama da raba ɗansa da salula cikin dare, in ya ji wannan labari, zai ce lalle an ba kura ajiyar nama. To, kafin a yanke hukunci ya kamata a dubi yadda malaman suka tsara abin.

Darasin na zaɓi ne, ba a tilasta wa kowa ba. An tanade shi domin ɗalibai wajen 30, awa 5 a kowane mako har tsawon shekara 3, a matsayi ɗaya da ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu. Aka shirya raba ajin gida biyu: sa'ad da rabi ke gaban kwamfuta, sauran rabin suna motsa jiki domin ƙarfi da juriya da saurin hannu. Wasannin da aka zaɓa, Counter-Strike da League of Legends, na ƴan biyar-biyar ne, wato ba wanda ke cin nasara shi kaɗai. Saboda haka makin da malami ke bayarwa ya haɗa da sanin wasan, da dabara, da yadda yaro ke magana da abokansa, da yadda yake aiki tare da su.

Dalilin da ya sa makarantu suka waiwayi wannan harka shi ne ta zama sana'a. Tun shekara ta 2000 Koriya ta Kudu ta kafa hukumar da ke kula da gasar. A 2014 jami'ar Robert Morris ta birnin Shikago a Amurka ta fara rage wa gwanayen League of Legends kuɗin karatu, kamar yadda ake yi wa gwanayen ƙwallo. A 2016 Faransa ta yi dokar da ta amince da gasar, ta kuma tsara kwantiragin ƴan wasan. A 2020 aka buɗe takardar shaidar BTEC ta e-sport a Ingila, wadda ta ƙunshi shirya gasa da kasuwanci da kula da lafiyar ɗan wasa. Waɗanda suka tsara ta sun san abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: zakara ɗaya ne, masu cin abinci a gefen fili su ne da yawa.

Sai dai zuma ba ta rabuwa da harbi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin kundin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan bisa sauran lamurran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da wasan ke yi masa, galibi har tsawon wata 12. Ita kanta Koriya, a 2011 ta hana yara ƴan ƙasa da shekara 16 wasa ta intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe, kafin ta yanke shawarar soke dokar a 2021 ta bar wa iyaye ragamar. A cikin wannan shekarar kuma ƙasar Sin ta ƙayyade wa ƴan ƙasa da shekara 18 awa 3 kacal a mako.

Ke nan abin da ya mai da wasan darasi a Bergen abu huɗu ne: agogo, da malami, da maki, da motsa jiki. A Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai shagunan PlayStation inda yara ke biya su buga ƙwallo a tele. Wasan yana nan, abubuwa huɗun ne babu. Makarantun gwamnati kuwa, inda har yanzu wasu yara ke karatu cikin rumfunan zana, suna da buƙatun da suka riga kwamfutar gasa da kuɗin lantarkinta.

Amma ranar da wata makaranta mai zaman kanta ta zo da tallar e-sport domin ta ƙara kuɗin shekara, haƙƙin uba ne ya tambayi darakta: awa nawa ne a mako, wa ke koyarwa, bisa me ake ba da maki, kuma wane darasi aka rage wa lokaci? In amsa ta gagara, shagon wasa ne aka buɗe cikin makaranta, kuma na bakin titi ya fi shi araha. Allah ya shirya zuri'a.