Daga Sule Da Sisi Zuwa 'Yar Dubu: Wa Ya Cinye Kuɗin Kallon Ƙwallo?

 

Duk inda masoya ƙwallo suka zauna da dattawa a cikinsu, hirar ba ta daɗewa a kan fili. Za a fara da Mighty Jets ta Jos da ta ɗauki kofin lig na farko a 1972, a gangaro kan Raccah Rovers ta Kano da ta ɗauka a 1978, kafin ka ankara an koma lissafin abin da sule guda yake saya a bakin ƙofar fili: rake, gyaɗa, har da canjin komawa gida. Daga nan sai wani ya yanke hukunci: "Ai tun da aka kawo naira albarkar kuɗi ta tafi." To, a kan wannan hukuncin muke da ja.

Bari mu fara tuna wa matasanmu lissafin. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3, ɗari rabin kwabo, anini kuwa sai ka tara goma kafin su zama kwabo. Kuɗin sun tafi amma sun bar mana sunayensu. Har gobe muna cewa wane ba shi da ko anini, ko ba a ba mu ko sisin kwabo ba, kuma a wasu kasuwanni in aka ce jaka guda naira 200 ake nufi, wato tsohon fam 100.

Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka sauya zuwa naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. A cikin watan nan ne Green Eagles ta doke Gini da ci 2 da nema a Legas, ta ɗauki zinaren gasar wasannin Afirka. Shi ya sa ga mai ƙwallo na wancan zamani, sabon kuɗi da wannan nasara tagwaye ne a cikin tunaninsa.

Dattawanmu suna da 'yar gaskiyarsu, kuma ba za mu danne ta ba. Tunda kwabo 12 ne suka koma 10, sabon kwabo ya fi tsoho nauyi. Mai ƙosan da ta ci gaba da cewa "kwabo-kwabo" ta yi ƙarin kashi 20 cikin 100 ba tare da ta buɗe baki ba. Taro kuma ya koma kwabo biyu da rabi, wanda da wuya mai talla ya tsaya a kansa. Haka magoya bayan ƙungiyoyin Ingila suke ƙorafi har yau a kan nasu canjin na 15 ga Fabrairun 1971. Amma wannan cizo ne na rana ɗaya. Ba shi ya kai mu inda 'yar dubu ba ta cika leda ba.

Inda gizo ke saƙar daban ne. Kuɗin man fetur ya ɓarke wa ƙasa daga ƙarshen 1973, aka biya ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa, kuɗi suka yi yawa a hannu alhali kaya ba su ƙaru a kasuwa ba. Noma ya ja baya, muka koma sayen na waje. A 1986 tsarin SAP na zamanin Babangida ya saki naira ta faɗi. A 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, sannan aka sake sakin naira. Takardun aljihunmu ma shaida ne: 'yar Murtala ta naira 20 ta fito a 1977, naira 50 a 1991, naira 100 a 1999, naira 1,000 a 2005. A 2007 Babban Banki ya fito da sababbin tsabobi na kwabo 50, naira 1 da naira 2, amma ko yara ba su karɓe su ba, don babu abin da za su saya.

In muna son awo na gaskiya, mu auna da gumi. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kimanin dalar Amurka 200 a lokacin. A 2024 an mai da shi naira 70,000, wanda bai kai dala 50 ba a ranar da aka sa hannu. Lambobi sun kumbura, abin da ke cikinsu ya zube.

'Yan uwanmu na maƙwabta sun isa misali. A Nijar, Janairun 1994, ba a sauya sunan sefa ba, amma aka rage darajarta da rabi dare ɗaya, kaya suka yi tashin gwauron zabi. A Gana kuwa an goge sifili huɗu daga sidi a 2007, sabon sidi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da dala, amma bayan shekara 15 sai da aka tara fiye da sidi 10 kafin a sami dala guda. Mu ma mun ga abin da sauya launin naira ya jawo mana a farkon 2023. Sauya wa kuɗi riga ba ya ƙara masa ƙiba.

Me ya sa wannan ya dame mu a zauren nan? Saboda ƙwallo ita ce nishaɗin talaka na ƙarshe, kuma tana neman fin ƙarfinsa. Yaron da ke wuni a bakin injin markaɗe ko a kan Keke Napep yanzu sai ya zaɓa tsakanin kuɗin gidan kallo da na abincin dare. Mu kuma sai mu huce a kan mai gidan kallo, mutumin da ke sayen man janareta da tsada, ya biya kuɗin tasha, ya biya haya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Mu dubi abin da magoya bayan Liverpool suka yi a Fabrairun 2016. Da aka ce za a kai wasu tikiti fam 77, dubbansu suka fice daga fili a minti na 77, kuma cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye. Sun san takamaiman abin da suke ƙi, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Mu ma mun iya haddace yawan ƙwallayen ɗan wasa na kaka goma. Da za mu riƙe farashin mudun masara da litar mai da albashi irin wannan riƙon, da duk ɗan takarar da ya shigo unguwa da kyautar jesi da kofi sai ya amsa tambaya kafin ya tafi.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu ci gaba da hirar sule da sisi, don tana da daɗi kuma tarihi ce. Amma in an gama dariya, a gaya wa yara gaskiyar abin da ya cinye kuɗin.

Dattawan zaure, ku faɗa mana abin da kuka biya ranar da kuka fara shiga fili, da abin da kuke samu a wata a lokacin. Matasa ku kawo naku na yau, mu jera su mu gani. Allah Ya yassare mana, Ya sa albarka a cikin neman kowa.